Zaɓen Kajin Ƙwai a Ƙasar Kura da Bunkure

Zuwa ga dagatai da masu unguwa, da dukan manoma masu karatu na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Muna roƙon wanda takardan nan ta faɗa hannunsa ya karanta ta a gaban jama'a, sa'an nan ya shiga da ita cikin gida, gama yawancin kajin ƙasarmu na mata ne, su ne kuwa su ka fi kowa sanin halinsu.

Tun da a ka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo hanyoyin da a ka gina masa har ya iso Kadawa da kewaye, ƙasan nan ta zama ba ta da rani irin na sauran wurare. Ana girbin shinkafa, a juya a shuka alkama ko masara ko tumatir. Inda hatsi ya ke da yawa haka, dusa ba ta yankewa. Saboda haka mutane da dama sun yi sha'awar su ajiye kaji don ƙwai, domin kuɗi ya riƙa shigowa kowace safiya, ba sai an jira kaka ba. Shawara ce mai kyau. Amma da yawa sun shiga sun fita da hasara, in kuwa ka bi diddigi sai ka tarar tun ranar saye su ka yi kuskure, watau sun ɗauki irin kazar da ba ta dace da gidansu ba.

Kada ku tambayi wace kaza ta fi kowace. Ku tambayi kanku abu uku: nawa zan iya kashewa kan abinci kowace rana ba fashi? Ina da ɗaki, ko sakinsu zan yi? Ƙwan nan gida zai ci, ko kasuwa za a kai? Amsar da mutum ya bayar ita za ta zaɓa masa kaza. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kazar Hausa

Mu fara da tamu ta gida. Kazar Hausa ta kan yi ƙwai kamar 10 zuwa 15, sa'an nan ta dakata ta hau kwanci. Kwancin kwana 21 ne. Bayan ƙyanƙyasa ta kan yi wata biyu ko uku tana yawo da 'ya'ya, ba ta komawa ƙwai sai ta yaye su. In ta yi haka sau uku ko huɗu shekara ta ƙare. Jimla ke nan ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ƙanana kuma, kowane bai fi giram 40 ba sai kaɗan. Wanda ya ke neman cika kiret kowace rana ba zai samu a wurinta ba.

Duk da haka kada a rena ta. Ita ce ba ta tambayarka kuɗin abinci: tsaki kaɗan da safe, sauran ta tono da kanta, gara da tsutsa da ɗanyen haki da hatsin da ya zube a masussuka. Ta san shaho, ta san inda za ta laɓe. Ita ke ƙyanƙyashe 'ya'yanta, har ta ƙyanƙyashe na zabo in an sa mata. Ba kazar gidan gona da ta ke da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kuma cikin kajin Hausa akwai fifiko. Kajin Fulani sun fi girman jiki da girman ƙwai. Mai wuya ba gashi, wadda waɗansu su ke ƙi don muninta, ta fi sauran jimrin zafi saboda ƙarancin gashinta. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai muna da wata al'ada mai cutar da mu. In salla ta zo, ko baƙo ya sauka, ko bashi ya matsa, babban zakara a ke kamawa, a bar ƙanƙane ya yi ta barbara. Shekara da shekaru muna cinye nagari muna ajiye na banza, sa'an nan mu ce kajin Hausa ba su girma. Ku bar zakara mafi kyau, ɗan kazar da ta fi yawan ƙwai. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Bayan shekara ɗaya ko biyu ku musanya shi da na wani ƙauye, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya lalace.

Wanda ya ke so ƙwan kazar Hausa ya ƙaru, sai ya riƙa kwashewa kowace rana, ya bar ɗaya tak a wurin don kada ta sauya maɓoya. In ta nemi kwanci a ɗauke ta a sa ta wuri mai haske da iska kwana uku ko huɗu, da abinci da ruwa, sai ta manta ta koma ƙwai. A bar biyu ko uku su yi kwanci, saura su yi ta zubawa. Da wannan dabara kaɗai, tare da ɗan ƙarin abinci, ƙwan gida ya kan ƙaru ƙwarai ba tare da an sayi ko tsako ɗaya ba.

Tun zamanin Turawa, da bayansa, an sha rarraba zakarun waje a ƙauyuka, musamman jan nan na Amurka da a ke kira Rhode Island Red, a karɓi na gida a ba da na waje don a gyara iri. 'Ya'yan farko su kan fi uwayensu girma da ƙwai. Amma inda ba a bi da rigakafi da abinci ba, baƙin zakarun su kan mutu tun ba su shekara ba, jinin kuwa ya narke cikin na gida bayan haihuwa biyu ko uku. A tuna da wannan kafin a sayi zakara mai tsada a sake shi a tsakar gida.

Kajin gidan gona

Waɗannan su ne jajayen nan da baƙaƙen nan da a ke tsarewa a ɗaki. Cikin jajaye wadda sunanta ya fi yawo ita ce ISA Brown, asalinta daga Faransa. Akwai kuma tamu ta Arewa, Shika Brown, wadda masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su ka yi shekaru suna zaɓenta, a ka yi mata rajista a 2000. Da ya ke cikin zafi da hunturu irin namu a ka zaɓe ta, ni a ganina ita ya kamata manomin Kura ya fara tambaya, in ya sami tabbacin ta gaske ce. Baƙaƙen kuwa, masu ɗan ja a wuya, sun fi jajaye nauyi da ɗan kaɗan, masu kiwo da yawa suna yabon jimrinsu, in kuma sun gama ƙwai mahauta da masu gida sun fi son su.

Irin waɗannan su kan fara ƙwai suna da mako 18 zuwa 20. In an riƙe su yadda ya kamata, kaza ɗaya ta kan ba da ƙwai 250 zuwa 300 cikin shekara, kowane wajen giram 60. Ba su bukatar zakara. Kaza tana yin ƙwai ko babu shi, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. Wanda ya sa zakara cikinsu ya ƙara wa kansa bakin ci kawai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Kaza ɗaya mai ƙwai tana cin kamar giram 120 kowace rana. Kaji 100 kilo 12 ke nan. Buhun abinci mai kilo 25 kwana biyu zai yi musu, da ɗan ragowa. In cikin 100 ɗin nan 80 suna yi kowace rana, buhu ɗaya zai dawo maka da ƙwai wajen 165, watau kiret biyar da rabi, tun da kiret 30 ya ke ci. In kuwa 50 kaɗai ke yi, buhun nan dai shi za su cinye, amma kiret uku da rabi za ka kwasa. Ka tafi kasuwa ka tambayi kuɗin buhu da kuɗin kiret na ranar, ka auna da kanka. Ba mu rubuta farashi a nan ba, gama kafin takarda ta bushe ya sāke.

Akwai kuma abin da mutane su kan manta. Daga ranar da tsako ya zo har ranar ƙwan fari, kowace sagara za ta ci kilo 6 zuwa 7. Ga kaji 100 buhu 24 zuwa 28 ke nan, ban da allura da gawayi da fitila, ba ka ga ko ƙwai ɗaya ba tukuna. Mutum ya sayar da shinkafarsa ya sayi tsaki 300 da kuɗin duka, a wata na uku ya rasa abin ba su, ya koma ba su dusa zalla. Sagarar da ta sha yunwa tana ƙarama ba ta taɓa cika alkawarinta. Gara 50 da za ka iya riƙewa har ƙarshe. A 2023 da 2024, sa'ad da masara da waken soya su ka yi tsada, gidajen kaji da yawa a ƙasan nan sun rufe, har da manya. Ba cuta ta kashe su ba, lissafin nan ne.

Ku sani kuma kajin nan ba su kwanci, an cire musu wannan hali da gangan, don kazar da ke kwanci ba ta ƙwai. Su kansu gaurayen iri ne, na uba daban na uwa daban, masu ƙyanƙyasa su ke riƙe da asalin. In ka haɗa su da zakara ka ba kazar Hausa ƙwan, 'ya'yan za su fito, amma ba za su kai uwarsu ba, kowane da kamarsa. Saboda haka wanda ya zaɓi kajin gidan gona ya ɗaura wa kansa komawa saye bayan kowace shekara ɗaya da rabi ko makamancin haka.

Na tsaka-tsaki

Cikin shekarun baya an fito da waɗansu iri masu tsayawa tsakanin biyun. Akwai Noiler, wadda kamfanin Amo na garin Awe a Jihar Oyo ya fitar, ta kuwa cika kasuwanninmu. Akwai FUNAAB Alpha ta Jami'ar Noma ta Abekuta, aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo da mutanenta, wadda a ka yi wa rajista a 2018. An gina ta bisa jinin kajin gida. Waɗannan suna da launi iri iri kamar na Hausa, suna iya fita kiwo, suna kuma yin nama. In an riƙe su da kyau ƙwansu ya kan kai 150 zuwa 200 a shekara. Ga uwargida mai son kaji 10 ko 20 a bayan ɗaki, ƙwai ya ishi yara ta sayar da ragowa, zakarun kuma su tashi da salla, waɗannan sun dace. Amma kada a yaudare ku a ce ba su bukatar kome. Jikinsu babba ne, cinsu babba ne, tonon tsakar gida kaɗai ba ya riƙe su. Makonni huɗu ko biyar na farko sai an tsare su da ɗumi da allura kamar na gidan gona. Ba kasafai su ke kwanci ba. Wanda kuma kasuwar ƙwai ita ce nufinsa, ya sani ga kowane buhu ja ta fi su ba da ƙwai nesa.

Ranar saye

Yawancin manyan wuraren ƙyanƙyasa suna Kudu, wajen Ibadan. Tsakon da ka ke gani a kwali a Kano sau da yawa ya kwana a mota, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800. Abin da ke riƙe shi ragowar gwaiduwa ce da ke cikinsa, ita kuwa ba ta wuce kwana uku. Ka tambayi ranar da a ka ƙyanƙyashe su. Ka duba idonsu a buɗe ya ke, ƙafafu ba su bushe ba, cibiya ta rufe, gindi ba kashi manne. Ka saurari kwalin: na lafiya suna motsi suna ƙaramin kuka, wahalallu suna tsaye sun runtse ido. Da isa gida ruwa za ka fara ba su kafin abinci.

Ga wani sirri da ya kamata kowane mai unguwa ya koya wa mutanensa. A jajayen kajin ƙwai launi ke raba mace da namiji tun ranar fari: mace ja-ja ce, namiji fari-fari. A baƙaƙe namiji yana da farin ɗigo a tsakar ka, mace ba ta da shi. Mazan nan arha su ke ƙwarai a wurin ƙyanƙyasa, don ba su da amfani ga mai neman ƙwai, saboda haka marasa tsoron Allah su kan kwaso su su zaga ƙauyuka da su. Ni mai rubuta wannan na taɓa faɗawa. Na sayi 40 a bakin wata tasha don na ga farashin rabin na kanti ne, na yi ta murna na yi wayo. Na ciyar da su wata biyu da ɗoriya, sai wata asuba na ji cara ta tashi daga kowace kusurwa ta ɗakin. Mata 3 na samu a ciki, har yau ban san ta yadda su ka shiga ba.

Mai sayen manya kuwa ya yi hankali da tsofaffin da su ka gama ƙwai, waɗanda a ke fitarwa gidajen gona gab da salla, wani ya ce maka sagaru ne. Sagara gashinta sumul ne, ƙafarta da bakinta rawaya, zankonta yana fara ja. Tsohuwa gashinta a kakkarye, ƙafarta ta koɗe, gama launin ya tafi cikin gwaiduwa. In kana so ka san kaza tana kan ƙwai, ka ɗauke ta ka laluba ƙasusuwan nan biyu na gefen mafitar ƙwai. In yatsa biyu ko uku sun shiga tsakaninsu, ciki da laushi, zanko ja da ɗumi, tana yi. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, zanko ya yanƙwane ya yi fari, ci kawai ta ke yi. Irin wannan a kai ta kasuwa. Ku riƙa yin wannan lalube ko sau ɗaya a wata, da dare, sa'ad da su ke kwance.

Lokacin saye ma abin dubawa ne. Kaza ba ta gumi. In zafi ya yi yawa sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. A Maris da Afrilu da farkon Mayu zafinmu ya kan kai 40 a ma'auni. Wanda ya sayi tsaki a Oktoba, kajinsa za su kai ganiyar ƙwai daidai tsakiyar bazara. Wanda ya saya a Mayu ko Yuni, nasa za su fara a Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da iska ta yi sanyi, sabuwar masara kuma ta shigo. Sai dai zai yi renonsu cikin damina, dole ya tsare daɓe kada ya jiƙe. Ni na fi son na biyun. Ku tuna kuma da damina ƙwan zabi ya kan cika kasuwa.

Abin da ƙasarmu ta ke da shi, da abin da ya ke cutarwa

Manomin Kura ya kan ce, "Ai ina da dusar shinkafa kyauta." A rarrabe. Ƙananan injuna su kan haɗa ɓuntu da dusa wuri ɗaya, ɓuntu kuwa ba abinci ba ne, cika ciki kawai ya ke yi. Amfaninsa shimfiɗa a daɓen ɗakin kaji, nan kam ya yi kyau. Lallausar dusar ita ce mai amfani, ita ma ƙari ce, ba ita ce tuwon ba. Kazar ƙwai tana bukatar masara ko dawa, da abin gina jiki kamar waken soya da a ka soya ko ƙuli-ƙuli, da garin ƙashi da dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa don ɓawon ƙwai. In ka ga ƙwai yana fita da taushin ɓawo, ko kaji suna fasa ƙwansu suna sha, nan ne a ka gaza. Masarar rani da a ka tara ba ta bushe ba, ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, kada a ba su. Akwai dafi a ciki mai lalata hanta, mai yanke ƙwai, ko da kazar ba ta mutu ba.

Ruwa kuwa, kaji 100 su kan sha lita 25 a rana, da bazara fiye da haka nesa. A ba su na rijiya ko na burtsatse, a ajiye a inuwa. Kada a ɗebo musu daga hanyar ruwan gona. A nan a ke wanke tulun feshin tumatir, a nan kuma agwagi da tsuntsayen daji su ke sauka. Murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Nijeriya a Fabrairu 2006 a Jihar Kaduna, ta shigo Kano a wannan shekara, ta sāke dawowa da ƙarfi a 2015, tsuntsayen ruwa suna cikin masu ɗauke da ita. Mu da mu ke zaune tsakiyar ruwa sha'anin ya fi shafarmu. Kada a haɗa agwagi da kajin ƙwai ɗaki ɗaya. Kada dillalin kaji ya shiga ɗakin da takalminsa da kejinsa. In kaji sun fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, dagaci ya aika wa malamin dabbobi nan da nan, kada a yi gaggawar kai ragowar kasuwa.

Cutar da ta fi cinye kajin ƙauye ita ce ta hunturun nan, mai sa kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Likitoci suna kiranta Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda a ka gan ta a 1927. Ba ta da magani, ba ta kuma bar kowane iri ba, na Hausa ko na waje. Amma akwai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ta ke can tun 1924, tana yin wani iri mai jimrin zafi da a ke ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, in kuwa an buɗe ba ta ajiyuwa. Nan ne aikin mai unguwa: ya sa rana tun kafin iskar hunturu ta taso, ya sa a yi shela kowane gida ya tsare kajinsa a akurki da safe, a bi gida gida a ɗiga wa duka, har da zabi.

Abu na ƙarshe haske ne. Kazar ƙwai tana son haske kamar sa'a 16 a yini, ranarmu kuwa ba ta wuce sa'a 12 ko 13 ko da damina. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, a kunna ta da asuba da kuma bayan magariba, ta isa cike gurbin, ta kuma ba su damar ci cikin sanyi lokacin bazara. Amma sai sun kai mako 17 ko 18 za a fara ƙara musu. In an yi wa sagara tun ba ta cika jiki ba, za ta fara ƙwai da wuri, ƙanana, wata ma mafitar ta zazzago. In an fara kuma kada a yi yau da haske gobe babu.

Wanda ya ke da sauran tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa, ya tafi da lissafin buhu da kiret a rubuce, da adadin kajin da ya tabbata zai iya ciyarwa har wata biyar.